Bayan Kyamara: Wahalar da Ɗan Fim Ke Sha a Lokeshan da Hanyar Rage Ta

 

Yau za mu leƙa wurin da idon mai kallo ba ya kaiwa, wato lokeshan, inda ake ɗaukar fina-finan da muke kallo a talabijin da wayoyinmu. Mu dai abin da ke iso mana shi ne jarumi cikin dakakkiyar shadda, jaruma cikin leshi da gwala-gwalai, ga falo na alfarma, ga mota tana ƙyalli. Wannan ya sa da yawa daga cikinmu suke ɗauka cewa sana'ar fim hutu ce da ɗaukaka kawai. Alhali fitowa guda wadda ba ta wuce minti uku a allo ba, wadda 'yan fim suke kira sin, takan iya cinye rabin yini kafin darakta ya gamsu da ita.

Abin da nake so mu fahimta a yau shi ne, wahalar lokeshan iri biyu ce. Akwai wadda take cikin jinin sana'ar, ba ta da magani sai ƙwarewa da juriya. Akwai kuma wadda rashin tsari ya haifar, wadda gyara take bukata amma kullum ake ce wa ɗan wasa ya yi haƙuri. Muddin aka haɗa su a buhu ɗaya aka ɗora wa haƙuri, to ɗan wasa ne zai ci gaba da biyan bashin da ba shi ya ci ba.

Iyayen wannan sana'a a ƙasar Hausa, irin su marigayi Usman Baba Pategi, wato Samanja Mazan Fama, da marigayi Ƙasimu Yero, da marigayi Karkuzu na Jos, sun taso ne daga wasan daɓe da gidajen rediyo da talabijin na gwamnati. A wancan zamani 'yan ƙungiya sun san juna, kuma sukan yi ta gwaji kafin ranar wasa. A shekarar 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar da Turmin Danya a kaset ɗin bidiyo, aka buɗe sabuwar kasuwa. Da Sangaya ya fito a 1999 ya samu karɓuwa, sai waƙa da rawa suka zama ginshiƙin fim ɗin Hausa. Bayan buɗe tashar Arewa24 a 2014 kuma, sai aka shiga zamanin fim mai dogon zango: Daɗin Kowa, Kwana Casa'in, Gidan Badamasi, Labarina, da irin su Izzar So da ya yi tashe a YouTube. Kowane sauyi daga cikin waɗannan ya ƙara wa ɗan wasa nauyi. A yau mai kallo yana jiran sabon kashi kowane mako, kuma wannan jiran nasa a wuyan waɗanda ke lokeshan yake sauka.

To mu fara da wahalar da take cikin jinin sana'ar.

Ɗan wasan daɓe yana fara labari daga farkonsa, ya bi shi daki-daki har ƙarshe, jama'a na gabansa suna dariya ko suna jimami, yana jin su a jikinsa. A gaban kyamara babu wannan. Ba a ɗaukar fim bisa jerin labari. Ana ɗaukarsa ne bisa jerin wurare. Idan an ari gida na kwana ɗaya, duk wani sin da ya faru a gidan nan ranar za a ɗauke shi. Saboda haka jaruma za ta iya yin kukan mutuwar mijinta da hantsi, bayan la'asar kuma a yi mata kwalliya a ɗauki ranar da aka kawo ta gidan tana amarya. Wanda bai san labarin gaba ɗayansa ba, nan take zai ruɗe, ya yi fushin da ya kamata ya adana sai ƙarshen fim tun a farkonsa.

Ƙwararrun 'yan wasa suna da dabarar da suke bi. Sukan karanta labarin duka, ba iya wuraren da sunansu ya fito ba. Kafin kowane sin kuma sukan tambayi kansu abu uku: daga ina wannan mutumin da nake kwaikwayo ya fito yanzu, me ya riga ya sani a wannan gaɓar, kuma me yake nema daga wanda ke gabansa? Wasu har ƙaramin littafi suke riƙewa suna rubuta wannan. Aiki ne na gida, ba a yin sa bayan an ce akshin.

Sai kuma maimaici. Za a ɗauki sin daga nesa, a sake ɗaukarsa a kan fuskar wannan, a sake a kan fuskar wancan. A kowane ɗauka dole hannun da ya ɗauki kofi ya kasance shi ne dai, a kan kalmar da aka ɗauka ɗazu, ruwan da ke ciki ma kada ya ragu ko ya ƙaru. Wannan shi ne kwantiniti, kuma a fim mai dogon zango ya fi wuya, domin sin biyu da suke maƙwabtaka a allo mai yiwuwa wata biyu ne tsakanin ɗaukarsu. Lallen hannun jaruma ya goge, ɗaurin ɗankwalin ya canza, gemun jarumi ya ƙara tsawo, ko kuma azumi ya wuce ya rame. Akwai ma'aikacin da aka ɗora wa lura da wannan, amma ɗan wasa mai hankali ba ya sakar masa komai. Yakan ɗauki hoton shigarsa da wayarsa a ƙarshen kowane aiki, kuma ba ya aski ko canza kitso sai ya tambayi darakta.

Kyamara kuma ba ta son hayaniya. A dandamali sai an ɗaga murya an buɗe hannu kafin na baya ya gani. Idan kuwa aka matso da kyamara kusa da fuska, ƙiftawar ido ma magana ce. Sabon ɗan wasa yakan sha wuya kafin ya yarda cewa ragewa ta fi ƙarawa. Ga shi sau da yawa wanda yake yi wa maganar ba ya wurin, an riga an ɗauki nasa ɓangaren ya tafi, an bar shi yana faɗa wa gefen kyamara kalaman soyayya ko na baƙin ciki. A nan ne ake gane babban jarumi mai mutunta sana'a: shi ne wanda ko an gama da shi zai tsaya bayan kyamara ya riƙa amsa wa ƙaramin ɗan wasa, don shi ma nasa ya yi kyau.

Batun kuka ma haka yake. Wasu sukan shafa man zafi a ƙasan ido don hawaye ya zubo, kuma yakan zubo. Amma mai kallo yana bambance hawayen da yaji ya kawo da wanda zuciya ta kawo. Wanda ya iya, saurare yake yi da gaske, ya bar maganar abokin wasansa ta taɓa shi. Wannan kuwa yana da nauyinsa. Wadda ta yini tana kukan rasuwar ɗa, ana cewa a sake, a sake, ba lallai ne ta koma gida yadda ta fito ba, musamman idan ita ma ta taɓa binne nata. Darakta nagari yakan rage jama'a a wurin irin wannan ɗauka, ya guji maimaicin da ba dole ba, ya kuma ba ta lokaci ta dawo hayyacinta kafin a wuce gaba.

Akwai wani ƙalubale da ya keɓanta ga ɗan wasan Hausa. Tun bayan kafa Hukumar Tace Fina-Finai ta Jihar Kano a 2001, ƙa'ida ce namiji da mace ba sa taɓa juna a fim, ko da miji da mata suka fito, ko uwa da ɗanta. To ka ɗauka ɗa ne ya dawo gida bayan shekaru ana zaton ya mutu. A fim ɗin Indiya ko na kudancin Najeriya runguma ce za ta gama magana. Ɗan wasanmu kuwa sai ya nemo ta a wani wurin. Kuma tana nan, domin al'adarmu tana da nata harshen: durƙuson ɗa a bakin ƙofa, sunkuyar da kai, uwar da ta kawar da fuska saboda kunyar ɗan fari alhali muryarta na rawa, shirun da ya fi magana nauyi. Ɗan wasan da ya zauna da tsofaffi ya lura da yadda suke nuna ƙauna da fushi da alhini, ba zai rasa abin yi a gaban kyamara ba. Wanda kuwa fina-finan waje kaɗai ya kalla, shi ne za ka gani tsaye ƙiƙam bai san inda zai sa hannunsa ba.

Sai waƙa. Muryar mawaƙi ce ke tashi, amma bakin jarumi ake gani. Dole ya haddace baitocin, ya dace da numfashin mai waƙar, yana rawa, yana murmushi, a kan dutse ko a bakin ruwa irin na Tiga, rana na dukansa, ana canza kaya sau da yawa a waƙa guda. Duk wanda ya taɓa gwadawa ya san ba wasa ba ne.

Jiki ma yana karɓar rabonsa. A Kano da Katsina da Sakkwato zafin bazara yakan kai digiri 40. A cikin wannan zafi ake rufe tagogi, a kashe fanka da na'urar sanyaya ɗaki don kada ƙararsu ta shiga sauti, sannan a kunna fitilun ɗauka. Kwalliya na narkewa, babbar riga na jiƙewa, amma ana so fuska ta nuna mutum yana cikin ni'ima. Lokacin hunturu ƙura ce ke shaƙe murya. Da azumi kuma aikin ba ya tsayawa gaba ɗaya. Ana cikin ɗauka injin markaɗen maƙwabta zai tashi, ko mai babur ya wuce, ko yaran unguwa su cika ƙofa, dole a dakata a sake. Mafi yawan yinin ɗan wasa ma a jira yake ƙarewa: jiran a gyara haske, jiran a tayar da janareta, jiran wanda bai iso ba.

Maganin wannan sananne ne, ko da yake riƙe shi sai mai ƙwazo. Isasshen barci kafin ranar aiki. Ruwa a kusa. Abinci marar nauyi. Kiyaye murya daga ihu da ƙanƙara. Amfani da lokacin jira wajen bitar magana da abokin wasa maimakon ƙarar da shi a kan waya. Zuwa a kan lokaci, domin jarumin da ya makara awa uku ya cinye hasken ranar mutum talatin. Kuma ina jan kunnen matasa da babbar murya: duk wanda ya ce muku wata ƙwaya ko wani jiƙo ne zai cire muku kunyar kyamara ko ya hana ku gajiya, ramin halaka yake nuna muku. Kunyar kyamara gwaji ne ke cire ta, gajiya kuma hutu.

Masu sauraro, duk waɗannan da na lissafa wahalhalu ne da ɗan wasa ya karɓa tun ranar da ya zaɓi sana'ar. Manomi ba ya ƙarar rana don ta yi zafi. Amma akwai kashi na biyu, wanda ba daga sana'ar yake ba, daga mu yake.

Na farko shi ne rashin ba da labari da wuri. Har yanzu akwai lokeshan ɗin da sai ɗan wasa ya iso ake miƙa masa takarda, ko ma a faɗa masa abin da sin ya ƙunsa da baki a ce ya ƙirƙiri maganar da kansa. Marigayi Rabilu Musa Ibro, wanda ya rasu a watan Disambar 2014, Allah ya ba shi baiwar ƙirƙirar magana nan take. Amma ba kowa ne Ibro ba, kuma ba kowane labari ne barkwanci ba. Sakamakon wannan sakaci shi ne doguwar hira marar kan gado, da maimaita magana ɗaya, da gurɓatacciyar Hausa. In an kalla kuma ɗan wasa ake zagi, ba wanda ya hana shi shiri ba.

Na biyu shi ne tsaron rai da lafiya. A watan Afrilun 2024 jarumin Nollywood Junior Pope ya rasu a kogin Neja tare da wasu abokan aikinsa, lokacin da kwalekwalen da ke jigilar su a wurin ɗaukar fim ya kife. Bidiyon da ya wallafa da kansa daga cikin jirgi kafin hatsarin ya nuna babu rigar kariya a jikinsa. Sai bayan an yi asarar rayuka ƙungiyar 'yan wasa ta Najeriya ta dakatar da ɗaukar fim a yankunan ruwa. A Amurka, a watan Oktoban 2021, bindigar da jarumi Alec Baldwin ke riƙe da ita a lokeshan ɗin fim ɗin Rust ta tashi da harsashin gaske, ta kashe mai ɗaukar hoto Halyna Hutchins, daga baya kotu ta ɗaure ma'aikaciyar da ke kula da makaman. Masoya fim ɗin Indiya kuwa ba su manta da 1982 ba, lokacin da Amitabh Bachchan ya ji mummunan rauni a ciki wajen ɗaukar faɗa a fim ɗin Coolie, ya yi makonni a asibiti rai a hannun Allah. Idan haka ta faru a inda ake da kuɗi da kayan aiki, ina ga lokeshan ɗin da babu ko akwatin magani, ana faɗa da adda, ana sukuwa a kan doki, ana kunna wuta kusa da bukka, ga wayoyin lantarki shimfiɗe a ƙasa? Ajali dai ba ya wuce lokacinsa, amma addininmu bai ce a bar raƙumi a sake a ce an yi tawakkali ba.

Hanya ma tana cikin lissafi. Masana'antar Kannywood ba ta manta da Ahmad S. Nuhu ba, wanda ya rasu a hatsarin mota a ranar 1 ga Janairun 2007 a hanyarsa ta zuwa Maiduguri, yana tsakiyar tashensa. 'Yan fim matafiya ne, yau Kano, gobe Kaduna, jibi Jos ko Daura. Wanda aka tashi aiki da shi ƙarfe biyun dare, aka ce da asuba ya kama hanya don wani lokeshan na jiransa, an jefa rayuwarsa cikin hatsari tun kafin ya tayar da mota.

Na uku shi ne sallama. A watan Fabrairun 2022, dattijuwa Ladin Cima, wadda ta shafe shekaru masu yawa a wasan kwaikwayo, ta faɗa a wata hira da sashen Hausa na BBC cewa yawanci naira dubu biyu, dubu uku ko dubu biyar ake ba ta idan ta yi fim. Wasu furodusoshi da daraktoci suka fito suka musanta, suka ce sun biya ta abin da ya fi haka nesa ba kusa ba. Aka yi ta ce-ce-ku-ce na makonni. Ni ba alƙali ba ne a tsakaninsu. Abin da ya dame ni shi ne gardamar ta yiwu ne saboda an saba yin aikin da baki. Da a ce kowane aiki da takardarsa, an rubuta sin nawa, kwana nawa, nawa za a biya, yaushe za a biya, kowa ya sa hannu, da babu abin jayayya. Allah da kansa ya umarci muminai su rubuta bashi, a aya mafi tsawo cikin Alƙur'ani. Rubuta yarjejeniya ba rashin yarda ba ne, kiyaye zumunci ne.

Dole a yi wa furodusa adalci shi ma. Kasuwar kaset da faifan CD da ta raya Ƙofar Wambai a Kano ta mutu, satar fasaha ta ci abin da ta ci, kuɗin da YouTube ke bayarwa ba shi da tabbas, ga tsadar fetur da abinci da masauki. Ko a watan Mayun 2025 hukumar tace fina-finai ta Kano ta dakatar da fina-finai masu dogon zango 22 saboda rashin kai su tacewa, kuma duk ranar da aiki ya tsaya, daga furodusa har mai riƙe fitila kowa na ji a aljihunsa. Amma ƙarancin kuɗi dalili ne na a faɗi gaskiya tun farko, a yi ciniki a fili. Ba dalili ba ne na a gama aiki a ce wa mutum za a neme shi.

Ƙarshen wannan rashin tsari shi ne abin da muke gani idan ƙarfi ya ƙare. Karkuzu, wanda ya nishaɗantar da Arewa tun shekarun 1980, sai da ya fito yana neman taimako bayan ya rasa ganinsa, har ɗan ƙwallo Ahmed Musa ya saya masa gida, kafin rasuwarsa a 2025. Allah ya saka wa masu taimako da alheri. Sai dai bai kamata makomar wanda ya ba sana'a ƙuruciyarsa ta rataya a kan ko bidiyon rashin lafiyarsa zai yaɗu a intanet ba.

Na huɗu ya shafi mata da sababbin shiga. Yarinya ta baro garinsu da burin zama jaruma, ba ta san kowa ba, ba ta san wane ofis ne na gaske a Titin Gidan Zoo na Kano ba, wane ne na 'yan damfara. Akwai masu fakewa da sunan fim su karɓi kuɗin mutane, akwai kuma masu neman abin da ya fi kuɗi muni. Mafi yawan 'yan masana'antar mutanen kirki ne masu neman halaliyarsu, kuma su ne suka fi cutuwa da ɓata sunan da waɗannan ke jawowa. Shawarata ga duk mai son shiga ita ce ta zo da sanin iyayenta, ta yi rajista da ƙungiya da hukuma, ta je gwaji a ofis da rana ba a masauki da dare ba, kuma ta sani cewa rol ɗin da sai an sayar da mutunci za a samu, asara ce ba nasara ba. A lokeshan kuma haƙƙin mace ne a ba ta keɓantaccen wurin canza kaya, da banɗaki mai tsafta, da abin hawan da zai mayar da ita gida lafiya idan dare ya yi. Idan da yara a fim, a kula da karatunsu da barcinsu, kuma wani nasu ya kasance a wurin.

Akwai kuma nauyin da mu masu kallo muke ɗora musu. Ɗan wasa yana cire kayan fim ya bar su a lokeshan, amma mu ba ma barinsa ya cire rol ɗin. Marigayiya Saratu Giɗaɗo, wato Daso, wadda ta rasu a watan Afrilun 2024, ta yi suna wajen fitowa a muguwar uwar miji ko kishiya, alhali abokan aikinta sun shaide ta da fara'a da barkwanci. Wanda ya iya fitowa a mugu har ka ji haushinsa, aikinsa ya yi kyau, yabo ya cancanta. Amma sai ka ga ana jifansa da baƙar magana a kasuwa, ana zagin iyayensa a Facebook da TikTok, ana yi wa 'ya'yansa gori a makaranta. Kalmar 'yar fim ma a bakin wasu zagi ce. Gyara halal ne, suka mai ma'ana tana gina sana'a. Ƙazafi kuwa haramun ne, ko a kan wa aka yi shi. Su ma 'yan wasa su taimaki kansu: su san dokar wurin da suke aiki, su kiyaye abin da suke wallafawa, kuma ba kowace magana ce ake mayar wa martani ba.

To ina mafita? A Amurka, ƙa'idar ƙungiyar 'yan wasa ta tanadi cewa a ba ɗan wasa hutun cin abinci kafin a wuce awa shida ana aiki, a kuma ba shi tazarar hutu tsakanin tashi daga aiki da dawowa washegari, wanda ya saɓa ya biya tara. Ba kyauta aka ba su wannan ba, haɗin kai ne ya samo musu. Ko a 2023 sai da suka yi yajin aiki na kwana 118 a kan haƙƙoƙinsu. Ba ina cewa a kwafo tsarinsu dungurungum ba, domin aljihunmu ba ɗaya ba ne. Amma akwai abubuwan da ba kuɗi suke ci ba, niyya suke bukata: a ba da labari mako guda kafin aiki, a fitar da jadawalin ɗauka don dattijo kada ya yini a zaune saboda sin ɗaya, a tsayar da lokacin sallah da na abinci da na tashi, a ajiye akwatin magani, a rubuta yarjejeniya ko da shafi guda ce.

Ƙungiyar masu sana'ar fim ta MOPPAN da sauran ƙungiyoyin masana'antar, kamar yadda suke da ƙarfin hukunta ɗan wasan da ya saɓa ƙa'ida, haka ya kamata su kasance da ƙarfin karɓo masa haƙƙinsa idan an danne. Su tsayar da mafi ƙarancin sallama. Su buɗe asusun da za a riƙa cire wani ɗan kaso daga kowane aiki saboda ranar ciwo da tsufa, su kuma shigar da mambobinsu tsarin taimakekeniyar lafiya da jihohi irin su Kano suke da shi. Su samar da wurin kai ƙorafi a asirce, wanda mata za su kasance cikin masu sauraronsa. Hukumar tace fina-finai, kamar yadda take duba abin da ke fitowa a allo, ta riƙa duba halin da aka yi aikin a cikinsa. Hukumar Fina-Finai ta Najeriya da ke Jos, wadda tun watan Janairun 2024 ɗan gida Ali Nuhu ke shugabanta, tana da cibiyar koyar da aikin fim, ga sassan koyar da wasan kwaikwayo a Jami'ar Ahmadu Bello da Jami'ar Bayero. A kawo gajerun kwasa-kwasai cikin harshen Hausa kusa da masu sana'ar, domin baiwa ba ta hana neman ilimi. Fim ɗin Mai Martaba, wanda aka ɗauka a Daura, har Najeriya ta zaɓe shi a 2024 ya wakilce ta a gasar Oscar, ya nuna inda 'yan wasanmu za su iya kaiwa idan aka yi shiri aka ba aiki haƙƙinsa.

Saboda haka kirana ga ɗan wasa shi ne ya riƙi sana'arsa da daraja: ya yi shiri, ya zo da wuri, ya girmama mai kyamara da mai kwalliya da mai dafa abinci, ya tanadi wani abu saboda gobe, domin tashe ba ya dawwama. Ga furodusa da darakta, ku tuna amanar rayuka da mutuncin mutane ce a hannunku, kuma a biya ma'aikaci kafin guminsa ya bushe. Ga shugabannin ƙungiyoyi da hukumomi, kada ku jira sai an yi rashi kafin a kafa doka. Mu kuma masu kallo, mu kalli fim ta halastacciyar hanya don kuɗin ya isa ga masu shi, mu gyara musu da ladabi, mu daina zagi.

Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya daga cikinsu, ya ba marasa lafiya sauƙi, ya sa albarka a sana'ar kowa.